Harshen Aro Ba Ya Jin Garɗi: Raddi Ga Masu Kwaikwayon Maɗanɗana Giya



Ranar wata Alhamis bayan la'asar na biyo ta bayan kasuwa, sai na tarar da samari huɗu, dukkansu 'ya'yanmu, a rumfar wata mai shayi. Sun jera kwalabe biyar a kan ɗan teburi, irin lemon sha'ir ɗin nan da ake shigowa da shi daga waje, wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu barasa a ciki. Ɗaya ya kafa waya yana ɗaukar bidiyo. Wani ya tsiyaya a kofin gilashi, ya ɗaga shi sama yana duban launi da kumfa, ya kai hanci ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya shi a baki kamar mai kurkure, sannan ya lumshe ido ya yanke hukunci: "Wannan bakwai cikin goma." Mai yanke hukuncin nan ɗan yayata ne. Da ya gan ni ya miƙe ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, wasa ne kawai. Haka Turawa ke yi wa giya a intanet, mu kuma da halal muke yi." Na ce masa, "To, gwanin ɗanɗano, kunun da ka sha yau da safe a ɗakin kakarka, da wace dawa aka dama shi?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Kawu, ai kunu kunu ne."

Wannan amsa ita ta hana ni barci, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. Na san da yawanku za su ce a taƙaita, giya haramun ce, a rufe babi. Hukuncin giya ba ya jiran alƙalamina. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ta. Hukuncin lemon da ba ya bugarwa, da hukuncin shan halal cikin siffar masu shan haram, wannan fagen malamai ne, na bar musu. Abin da ya dame ni shi ne yaron da aka haifa a garin da ake kira rumbun hatsin Sudan, wanda kakarsa ke bambance dawa da dawa ta hanyar tauna ƙwaya ɗaya, ya iya rarrabe ɗanɗanon kwalabe biyar na baƙi, amma a wurinsa kunu kunu ne. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Bari mu fara yi wa waɗanda ake kwaikwayo adalci, domin samarinmu sun ga motsinsu ne kawai, ba su san tushensa ba. Baturen da ke zaune yana shaƙar giya yana rubuta abin da ya ji, gadon gidansu yake tattali. A shekarar 1516 aka kafa doka a yankin Bavariya na ƙasar Jamus cewa kada a haɗa giya da komai sai ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira hop, kuma har gobe Jamusawa na alfahari da wannan doka. Bikin giya na birnin Munik ya samo asali tun 1810. A 1971 wasu mutum huɗu 'yan Ingila suka kafa ƙungiyar CAMRA saboda sun ga manyan kamfanoni na neman kashe giyar gargajiya ta garuruwansu. A 1977 wani marubucinsu mai suna Michael Jackson, ba mawaƙin Amurka ba, ya fitar da littafi a kan giyar ƙasashen duniya, ya karkasa ta gida-gida, kuma daga irin aikinsa ne wannan sha'awa ta ɗanɗanawa da bayar da maki ta bazu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giya ta ƙasar Beljiyam cikin jerin gadon 'yan'adam. Duk wannan hidima ma'anarta guda ce: mutane sun ɗauki abin da kakanninsu ke dafawa a tukunya da muhimmanci, sun ba shi suna, sun rubuta shi, sun hana shi mutuwa. Abin shan nasu haramun ne a gare mu, amma himmar tasu abin lura ce. Ɗanmu ya tsallake himmar, ya ɗauko ɗaga kofi da lumshe ido. Baturen na girmama kakarsa da wannan aiki, ɗanmu kuwa da aikin nan ne yake raina tasa. Kama da wane ba ta wane.

Kafin in ci gaba da samari, ina da magana da iyaye, domin laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Akwai dattawanmu da in an ambaci giya sai su ce Bahaushe bai taɓa saninta ba, Nasara ne ya kawo ta. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma yaron da ke riƙe da waya cikin minti biyar zai gano haka, daga nan ya daina yarda da sauran abin da muka gaya masa. Harshen da bai san abu ba ba ya tara masa sunaye: giya, barasa, burukutu, fito, bammi. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da yake lissafa manyan mutanen da ke kewaye da Barbushe a gindin Dala, ya ambaci maƙeri, ya ambaci mai magani, ya kuma ambaci mai dafa giya. Maguzawa sun ci gaba da dafa ta don bukukuwa da gayya da tsafi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa cikin aibobin sarakunan zamaninsa cewa suna ci suna shan abin da ransu ke so ba tare da duban halal ko haram ba. Har a wannan zamani, hukumar Hisba ta Kano ta farfasa kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a a watan Nuwamban 2013, kuma ba aljanu aka kawo wa kwalaben ba. Kakanninmu sun san giya sarai, suka bar ta da gangan. Wannan ya fi zama abin alfahari a kan da'awar rashin sani, domin wanda ya bar abu bayan ya san daɗinsa shi ne mai azama. Mutanen da suka biyo Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, suka ga abin da ya faru a Burmi a 1903, suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar Shuɗin Nilu, da dubban alhazan ƙafa da suka yada zango a wannan ƙasa kan hanyar Makka, duk saboda addini suka bar gida. Jikan waɗannan ya kamata a gaya masa tarihin yadda yake, ya san nauyin abin da aka zaɓa kafin a haife shi.

Ƙasar da muka zauna cikinta ita ma tana da nata dogon tarihi da wannan abu. Masu binciken ƙasusuwan mutanen Nubiya na da, waɗanda suka rayu a yankin Wadi Halfa tsakanin shekara ta 350 da 550 Miladiyya, sun tarar da alamar maganin tetracycline a cikinsu, kuma masanin da ya jagoranci aikin, George Armelagos, ya danganta hakan da giyar hatsi da suke sha. Marisa, giyar dawa, ta daɗe tana zaman abinci ga manoma a Dutsen Nuba da Darfur da Kudu, ana yin ta don gayyar noma kamar yadda Maguzawa ke yi. A Khartum Bahri an taɓa samun kamfanin giya mai tambarin raƙumi. Sai a watan Satumban 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya shelanta dokokin shari'a, aka tuttular da barasa cikin kogin Nilu a gaban jama'a. Dokar laifuka ta 1991 ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha. A watan Yulin 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, ta bar hani a kan Musulmi. Maƙwabtanmu da addininsu bai hana su ba, wannan rubutu ba da su yake ba, kuma ban yarda wani ya ɗauke shi ya zage su da shi ba. Da 'ya'yanmu nake.

To, ya kai ɗana, da ka ce wasa ne, ka tambayi kanka wa ke biyan kuɗin wannan wasa a ƙasar nan. A Munik mai ɗanɗana giya yana gamawa ya hau jirgin ƙasa ya tafi gida. A Sudan, cikin shekarun da suka biyo bayan 1983, waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar doka su ne matan da yaƙi da fari suka koro zuwa gefen birane, zawarawa da iyayen marayu da ba su sami abin ciyar da 'ya'ya ba sai dafa marisa da aragi. Su aka riƙa kamawa, ana fasa musu tukwane, ana cin su tara, ana tsare su a gidan yarin mata na Omdurman, wasu da goyo a baya. Mai kuɗin da ake kawo wa kwalbar waje har cikin falo kuwa da wuya ka ji labarinsa. Ga kuma aragin da ake haɗawa a ɓoye, wanda babu mai auna abin da ke cikinsa, ya makantar da wasu, ya kashe wasu. Mu a Gadarif mun san hanyar Gallabat da Matama ba ta da nisa, mun kuma san ba wake da kofi kaɗai ke tsallako iyakar Habasha ba. Ban ce duk yaron da ya ɗaga kofin lemon sha'ir gobe zai nemi ta gaske ba. Zato zunubi ne. Amma wanda ya shafe shekara yana koyon yabon ɗacin abin da aka yi don ya yi kama da giya, yana kallon masu sha yana haddace kalmominsu, ya rage wa kansa nisan tafiya. Kuma in ya faɗa, babu wata ƙungiyar masu ɗanɗano da za ta zo belinsa. Mahaifiyarsa ce za ta sayar da akuya.

Sai dai tsoratarwa ba ita ce babbar hujjata ba. Babbar hujjata tana cikin madafin kakarka, kuma ina so ka bi ni can mu duba. Mai dafa burukutu da mai dama kunun zaƙi hanya ɗaya suke kamawa da farko. Dukansu suna jiƙa hatsi. Dukansu sun san sirrin tsiro: in ƙwaya ta fara fitar da saiwa, akwai wani sinadari da ke farkawa a cikinta ya mayar da gari sukari, shi ya sa ake zuba tsiro ko busasshen dankali a ƙullun kunu, a rufe, a wayi gari kaurinsa ya saki, zaƙi ya fito tun ba a sa sukari ba. Dukansu sun san cewa ƙullu in ya kwana wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna kawo masa tsami. Inda hanya ta rabu shi ne mataki na gaba. In aka ƙyale wannan zaƙi ya ƙara kwana a cikin zafi, yis zai cinye sukarin ya mayar da shi barasa, kumfa ta taso, tukunya ta fara tsuwa. Mai giya wannan matakin take jira. Mai kunu kuwa aikinta shi ne ta kai abin har bakin iyaka, ta kwashi zaƙi da garɗi da ɗan yami, ta tsaya. Tsakanin kunu da giya wani lokaci kwana guda ne, a zafin bazarar Gadarif ma bai kai ba. Da me take gane iyakar? Ba ta da ma'aunin zafi, ba ta da agogo a madafi. Da hanci da harshe take ganewa. Ta buɗe murfi ta shaƙa, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta ce, "Wannan a sha shi kafin azahar," ko ta ce, "Wannan ya juya, a zubar." Wanda ya saki abu ya gangara har ƙasa da wadda ta tsayar da shi a kan gaɓa, wa ya fi gwaninta?

Kuma wannan gwaninta tana da gindi a littafi. Ya zo a hadisi cewa Abu Musa al-Ash'ari, da aka aike shi Yaman, ya yi tambaya a kan abin sha biyu na mutanen can, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi mai suna mizru, sai aka ba shi amsa da ƙa'idar da ta game duk abin da ke bugarwa. Ya kuma tabbata cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba a barin jiƙon ya wuce kwana uku. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid a zaure zai tuna inda aka yi hani ga yin jiƙo a cikin duma da tulun da aka shafe da kwalta, malamai kuma suka bayyana dalili: a cikin irin waɗannan mazubai jiƙo yana saurin juyawa mai shi bai ankara ba. Ashe fiƙihun da malam ke karantarwa a zaure shi ne Inna ke aiwatarwa a madafi, da ludayi a hannu. Muhawarar da ake yi duk Babbar Salla a gidajen maƙwabtanmu a kan sharbot, jiƙon dabinon nan da ake sha bayan cin nama, a kan wannan iyaka take: awa nawa ya yi, ya juya ko bai juya ba. Wadda ta iya ba ta shiga muhawara, lasa take yi ta faɗi gaskiya.

Dubi kuma hilu-mur, wanda iyayenmu mata suka koya a nan suka ƙware. Cikin Sha'aban ake jiƙa feterita a shimfiɗa ta a rufe har ta tsira, a shanya, a niƙa, a haɗa da gari a dama, a zuba citta da kirfa da hulba da tsamiya da zoɓo, a bar ƙullun ya kwana har tsami ya kama, sannan mata su taru su riƙa shafa shi a kan kasko mai zafi suna kwashe shi falle-falle. Wutar nan ita ke yanke wa ƙullun hanya, ta kulle ɗanɗanon a inda ake so. Sunansa ma hukuncin ɗanɗano ne, zaƙi da ɗaci a haɗe. Kowace unguwa ta san gidan da nasu ya fi, ta san wadda hannunta ke da nauyin hulba, ta san wadda ke barin nata ya yi ƙauri. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi sukutum a 1993 a kan abincin Sudan da ake tsimawa, ya tattara gommansu, ya nuna cewa matan karkara ne ma'abota wannan ilimi. Masana a jami'o'in waje suna karanta shi. Jikokin matan da aka rubuta littafin a kansu suna can suna ba kwalba bakwai cikin goma.

Ka ce Hausa ba ta da kalmomin da Turawa ke siffanta ɗanɗano da su? Masu sana'ar giya a can sai da suka zauna cikin shekarun 1970 suka zana wani da'ira na kalmomi don su fahimci juna. Mu namu a bakin tsofaffi yake, kyauta. Akwai zaƙi, akwai garɗi, kuma garɗin gyaɗar da aka soya daban yake da zaƙin rake. Akwai tsami, akwai yami wanda bai kai tsami ba. Akwai ɗaci, akwai bauri irin na ɗanyen goro ko kanyar da ba ta nuna ba. Akwai gafi na ɗanyen wake, akwai maƙaƙi da ke tsayawa a maƙogwaro, akwai zartsi na ruwan rijiya, akwai galmi, akwai lami da salam ga abin da ba ya da kai. Hanci na da ƙamshi da ƙauri da ƙarni da hamami. Jikin abin sha na da kauri da tsululu da yauƙi da santsi. In abin kaɗan ne sai a ninka kalmar, a ce tsami-tsami ko ɗaci-ɗaci. Sama da duka akwai armashi, wanda ke nufin komai ya zauna daidai. Gwada tambayar samarinmu goma bambancin yami da tsami, ko bauri da gafi, ka ga nawa za su amsa. Kalmar da aka daina amfani da ita mutuwa take yi, kuma in ta mutu harshe ya daina jin abin da take nufi. Da haka ne kunun tsamiya da kunun kanwa da kunun gyaɗa da kunun zaƙi da koko suka narke a bakin ɗan yayata suka zama abu guda.

Wani zai ce, Malam, ƙasa na cikin yaƙi, kai kana maganar kunu? Ina maganarsa ne saboda yaƙin. Tun 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan abin da ya sami Wad Madani a Disambar shekarar da Sinja a tsakiyar 2024, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, makarantu suka zama masauki. A irin wannan hali kowa ya ga abin da ya riƙe rai: mudun dawa, da matar da ta san yadda za ta mayar da shi abin da zai ƙosar da mutum goma. Kuɗin kwalabe biyar da aka jera don bidiyo zai dama kunun da zai ishi gida guda. Sannan mu 'yan tsiraru ne, kuma ba mu manta Yulin 2022 ba, lokacin da aka zubar da jinin 'yan'uwanmu a jihar Shuɗin Nilu, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum. A ƙarƙashin wannan rikici akwai tsohuwar tambayar da ake jefa mana: ku su wane ne a nan, me kuka kawo? Amsa tana cikin gonakin da kakanninmu suka share, tun kafin a fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940 da kuma bayansa. Tana kuma cikin bakin kowane ɗan Sudan. Agashe, wanda ake layi a kansa daga Port Sudan har Nyala, sunansa ma Hausa ne. Godogodo na gero da nono, kowa ya san daga hannun matanmu ya fito. Ƙasa ta ɗanɗana abinmu ta yaba, ta karɓe shi da sunansa. Al'ummar da abincinta ya ci kasuwa haka, 'ya'yanta ne za su tsaya gaban waya suna aron harshe?

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ban ce a fasa waya ko a kori yara daga rumfar shayi ba. Sha'awar ɗanɗanawa da kwatantawa da bayar da maki sha'awa ce mai kyau, alamar kai mai aiki ce. Alƙibla kawai ta ɓace mata. Ku samarin nan huɗu, ku ɗauki wayar nan ku shiga gida. Ku sayo feterita da dabar da mugud da wad ahmad da arfa gadamak a kasuwar amfanin gona, ku roƙi kakanninku su dama kunu da kowace, ku jera ƙoƙuna biyar a inda kuka jera kwalabe. Ku tambaya wace ce ke ba da jan launi, wace ce ke da bauri a ɓawonta, wace ce ta fi karɓar tsamiya. Ku tambaya me ya bambanta furar gero da ta maiwa, me ya sa nonon damina ya saɓa da na rani, me kanwa ke yi wa kunun mai jego, awa nawa ƙullu ke ɗauka kafin ya yi yami a watan sanyi da kuma a bazara. Ku tambayi tsofaffin da suka zo da ƙafa, ko suka ji daga bakin waɗanda suka zo, da wane guzuri aka ratsa Borno da Wadai da Darfur, da yadda aka yi da aka iso ƙasar da dawarta ba irin ta gida ba ce. Ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, ku sa wa kowace gwana sunan unguwarta in ta yarda. In ya so ku ba da maki, ku yi gardama, ku saɓa. Gardama a kan wadda ta fi iya kunun gyaɗa a unguwa gardama ce mai albarka. Ku kuma iyaye mata, in yaro ya shigo madafi da tambaya kada a kore shi da cewa wannan aikin mata ne. Tsofaffin nan da ke riƙe da wannan ilimi ba za su dawwama ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan kwana biyu da waccan Alhamis na kai ɗan yayata gaban kakarsa, na ce ta gaya masa da wace dawa ta dama. Ta dube shi ta yi dariya, ta ce, "Kai, mai gidana, shekara ashirin kana sha ba ka taɓa tambaya ba sai yau?" Ta ce feterita ce, ta surfe ta sosai don baurin ya ragu, ta jiƙa tsamiyar tun dare. Ta miƙa masa ludayi ta ce ya faɗi abin da ya ji. Ya kurɓa, ya yi jim, bai lumshe ido ba wannan karon, ya ce akwai tsami. Ta ce, "Yami dai. Tsami sai gobe." Yaron ya sake kurɓa. Har na fito ina jin su, yana tambaya tana amsawa.

Gaskiya ɗaci gare ta, kuma in na taka wani a cikin wannan rubutu, ba da nufin cin fuska ba ne. Wanda ke da hujja saɓanin tawa, ƙofa a buɗe take, ya kawo mu ji. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, Ya zaunar da Sudan lafiya.